Darasin balaga da shaye-shaye a sakandare

Malama, kin tambayi yadda za ki jagoranci darasin tarbiyya da zama ɗan ƙasa nagari alhali iyaye na ƙorafi kan batun balaga da shaye-shaye. Ki fara da iyayen. Farkon zango, ki karanta musu jerin batutuwan a taron iyaye da malamai. Ranar darasin balaga a raba aji, malama ta ɗauki 'yan mata, malami ya ɗauki maza.

Sai dai kada ki yi wa ɗalibi alkawarin rufa asiri kafin ki ji maganarsa. In ta shafi fyaɗe ko shan kodin, dole ta kai ga shugaban makaranta a ranar. Ki sanar da yaron haka tun farko, don in daga baya ya ji, ba zai ƙara buɗe miki baki ba.