Amsa ga ƙanwarmu ta Jega da tawadar katinta ke narkewa

Wa alaikis salam ƙanwata, sannu da ƙoƙari. Kin ce kin sayi sitam na roba mai furanni da kushin tawada irin na ofis, kina son yin katin barka da Sallah da na suna, amma da zarar kin sa kala sai baƙin layin ya narke ya ɓata furen, takardar kuma ta lanƙwashe. Kin kuma tambaya ko dole sai kin yi odar kayan waje masu tsada. A'a, ba dole ba ne. Ni a Birnin Kebbi nake, na daɗe ina wannan aikin, kuma abin da na gani a hotunan da kika turo ba laifin hannunki ba ne. Tawadarki da kalarki da takardarki ne ba su dace da juna ba. In kika daidaita ukun nan, sitam ɗin da ke hannunki yanzu ya ishe ki.

Mu fara da tawada, don nan ɓarnar take. Tawadar ofis, shuɗiyar nan ko mai ruwan algashi da ake buga wa takardun gwamnati, rini ce da aka narkar a ruwa. Ko ta kwana a kan takarda, ruwa na taɓa ta za ta farka ta bi shi. Kamar atamfa mai zuba ce a bahon wanki, ba ta ɓata kanta kaɗai, har abin da ke kusa da ita. To ke kuma kalar ruwa kika sa da buroshi. Ka'idar da nake bi ita ce: abin da ke cikin kala kada ya zama shi ne ke narkar da tawada. In kalar ruwa za ki yi, nemi tawadar da ba ta jin ruwa bayan ta bushe, wato tawada mai mai irin VersaFine ko Archival Ink. In kuma maka (marker) mai sifirit ce, wato alƙalamin kala irin Copic ta Jafan da 'yan'uwanta masu araha da ke zuwa daga Sin, sai lamarin ya juya: sifirit na cin tawada mai mai, amma ba ya taɓa rinin ruwa irin Memento. Akwai StazOn, wadda aka yi don leda da gilashi da ƙarfe, tana jure ruwa amma makar sifirit na kwashe ta. Ba sai kin haddace sunayen ba. Duk tawadar da ta zo hannunki, buga ta a guntun takarda, ki bari ta bushe sosai, ki ɗiga ruwa a gefe ɗaya, ki ɗiga sifirit na kemis a ɗaya gefen. Wanda ya motsa ta, kada ki haɗa ta da kalar da ke ɗauke da shi.

Ga shawarar da nake ba duk mai farawa, ko da yake da yawa ba sa son jin ta don suna ganin abin yara ne: ki fara da fensirin kala. Babu ruwa a cikinsa, babu sifirit, don haka ko tawadar ofis ɗin nan taki zai zauna da ita lafiya. Sirrinsa shi ne kada ki danna. Ki shafa mai haske a hankali a kan ganyen furen gaba ɗaya, sannan ki kawo mai ɗan duhu daga gindin ganyen zuwa tsakiya, sannan mafi duhu can ƙuryar da ganye ya hau kan ganye. Bakin ganyen ki bar shi da haske, wani lokaci ma farin takardar kawai. Sai ki ɗauki audugar goge kunne, ki ɗan taɓa man jarirai, ki goge yawancinsa a tsumma, ki murza a kan kalar. Za ki ga zanen fensir ya ɓace, launukan sun shige juna. Man kaɗan ƙwarai, in ya yi yawa zai huda ya fito bayan takardar. Na sha nuna wa mutane katin fensir su rantse maka ce. Kuma fensir ne ke koya wa ido inda inuwa take faɗuwa, wanda in ba ki iya shi ba, ko makar duniya aka tara miki furen zai fito a shimfiɗe ba rai.

Lanƙwashewar takarda kuwa, kwalin makaranta ne kika yi amfani da shi, na gane shi daga hoton. Ya yi siriri, kuma yana shan ruwa ba daidai ba. Ana auna kaurin takarda da giram: farar takardar kwafi 80 ce, jikin kati yana son 250 zuwa 300. Je wurin masu buga katin biki da kalanda, ki ce su sayar miki da kwali mai kauri marar sheƙi. Ki jaddada marar sheƙi, don mai sheƙin tawada ba ta shiga cikinsa, sai ta zauna a sama tana jiran yatsa. Ki roƙe su ragowar yanka ma, sau da yawa zubarwa suke yi, kuma da su nake yin ƙananan katin da ake ratayawa a jikin kyauta. Takardar A4 in kika raba ta biyu kika ninke kowane rabi, kin sami kati biyu masu faɗin santimita 10.5 da tsawon 14.8, kuma suna shiga ambulan mai lamba C6 cif. Kafin ki ninke, ɗora rula ki ja layi da biron da tawadarsa ta ƙare, sai ninkin ya fito a miƙe ba tare da ya fashe ba. Abu mafi muhimmanci a nan: kada ki yi zane a jikin katin kansa. Yi bugu da kala a wata guntuwa dabam, in ta yi kyau ki manna a gaba. In kalar ruwa ce, guntuwar ta zama takardar kalar ruwa ta ainihi, ki liƙe gefunanta huɗu a kan katako da salatif na takarda, kada ki ɓare sai ta bushe. Wajen mannawa salatif mai fuska biyu ya fi farin gam, don gam ma ruwa ne, yana murɗe kwali.

Bugun kansa ba wuya. Ki kwantar da sitam ɗin a bayansa, ki riƙa ɗan bubbuga kushin a kansa, ba ki cusa sitam cikin kushin ba. Ki shimfiɗa jaridu kaɗan a ƙarƙashin takardar, ki sauke hannu a miƙe, ki danna, ki ɗan jira, ki ɗaga a miƙe. Girgiza hannu shi ke sa layi ya fito biyu-biyu. Bayan kin gama ki goge da ɗanyen tsumma. Kada sifirit ko kananzir su taɓa roba.

Akwai abin da masu koyarwa na intanet ba za su faɗa miki ba, don ba a yanayinmu suke zaune ba. Zafin Maris zuwa Mayu a Kebbi yakan haura digiri 40. Sitam mai kama da gilashi, wanda ake liƙawa a jikin ɗan allo mai haske, in ya sha wannan zafin ko hasken rana sai ya yi rawaya ya fara danƙo, na roba kuma ya taurare ya tsattsage. Ki ajiye su cikin kwano mai murfi a ƙasan gado, nesa da taga. Lokacin hunturu kushin tawada na bushewa da sauri, don haka rufe shi bayan kowane bugu, ki ajiye na rini a kife cikin leda don tawadar ta taru a fuska. Ƙura kuma tana hawa kushin, daga nan ta hau bugu ta bar ɗigo-ɗigon fari. Da damina akasin haka ne, tawada mai mai tana jinkirin bushewa, gara ki buga da dare ki sa kala da safe.

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi damuna, ko da yake ba ki tambaya ba. Sitam ɗin da ake kawowa daga waje an yi su ne don bukukuwan wasu: dusar ƙanƙara, beyar wasa, kyandir a kan kek, gaisuwa da Turanci. Mai karɓar katinki a Jega ko Aliero ko Kalgo me ya haɗa ta da waɗannan? Mu muna da zane a gabanmu ko'ina. Ga dagin Arewa da ke jikin gine-gine da aikin babbar riga. Ga zanen ƙwarya da faifai. Ga furen lalle da ake yi wa amare. Ga zayyanar allon sauka, wadda babu abin da ya kai ta dacewa da katin walimar saukar Alƙur'ani. Ga Argungu a nan kusa da mu, inda ake bikin kamun kifi tun 1934, har UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya da ake karewa a 2016. Kifi da gora da homa a kan kati mai ruwan ƙasa, baƙon da ya zo Matan Fada, kogin da ake kamun kifin, zai so ya koma gida da shi fiye da furen da zai samu a kowane shago a Legas. Ki dai sani cewa wasu ba sa son hoton abu mai rai, don haka ki tambayi mai oda kafin ki buga masa tsuntsu ko kifi.

Kuma yanka sitam da hannu ba gagara ba ne. Ki sayi babbar farar kilina ta 'yan makaranta. Ki zana abin da kike so a siririyar takarda da fensir mai laushi, 2B ko sama, ki kife zanen a kan kilinar, ki murza bayansa da farce. Zai koma jikinta a juye, kuma haka ake so, don in aka buga zai miƙe. Wannan dabarar ita ke ceton mai rubutu, ko boko ko ajami. Sai ki yanke duk inda ba zane da sabuwar reza ko 'yar wuƙar tiyata da ake samu a kemis, kina karkata bakin wuƙar waje don gindin layin ya fi samansa faɗi, in ba haka ba siririn layi zai karye a bugu na farko. Ki riƙa juya kilinar, ba hannunki ba, yatsunki kuma su kasance bayan wuƙa. Don manyan siffofi kamar jinjirin wata, hasumiya, ko ganye, soson da masu gyaran takalmi ke yin tafin silifas da shi ya wadatar, almakashi ma na yanka shi, sai ki manna a guntun katako daga wurin kafinta. Rubutu mai ƙananan haruffa kuwa kai wa masu yin sitam na ofis. Za su yi miki "Barka da Sallah", "Allah Ya raya", "Allah Ya ba da zaman lafiya", "Allah Ya ƙara lafiya". Ki tsaya a kansu su sa ƙ da ɗ da ɓ da ƙugiyarsu, ki duba a kwamfuta kafin su yanka. Ayoyin Alƙur'ani kuwa ni ba na buga su a kati, saboda na san inda katin biki ke ƙarewa bayan taro, a ƙasa ana takawa. Addu'a da Hausa ta wadatar, ita ma ina sa ta a ciki, ba a kan ambulan ba.

Wata a ƙarƙashin tambayarki ta ce a gwada zoɓo da kurkum a matsayin kala. Ana iya yi, kuma suna kyau a ranar, amma ku san halinsu. Zoɓo ja ne a kofi, in ya bushe a takarda yakan koma shuɗi-shuɗi mai toka. Kurkum rana na cinye shi da wuri. Ruwan shayi mai kauri da ruwan lalle sun fi zama, kuma suna ba takarda kamar ta tsufa, abin da ke kyau a bayan baƙin dagi. Tawadar allo, ta gawayi ko zunubin tukunya da ƙaro, tana buguwa da sitam na soso in an shafa da buroshi, amma kin san an yi ta ne don ta wanku, to kada ruwa ya biyo bayanta.

Rubutun zinare mai tudu da kika gani a katin biki, hoda ce ta musamman da ake barbaɗawa a kan ɗanyen bugu a narkar da zafi. Tana son tawada mai jinkirin bushewa. Na'urar busar da gashi ba ta yi, hure hodar take. In babu na'urar zafin ko babu wuta, ki riƙe takardar da hantsaki a saman fuskar dutsen guga mai zafi, ko na gawayi ne, zafin na zuwa daga ƙasa, ba tare da ta taɓa ba. Da ta yi sheƙi ki janye. Da hunturu hodar na manne ko'ina, sai ki fara shafa wa takardar 'yar hodar jarirai ki kaɗe. Amma wannan ki bar shi sai hannunki ya faɗa.

In sayarwa kike nufi, gaskiya mutanenmu ba su cika sayen kati shi kaɗai ba, tunda WhatsApp ya ɗauke gaisuwar baki. Kati na tafiya ne tare da kaya. Ki nemi masu turaren wuta da humra, masu haɗa lefe da kayan barka, masu dambun nama da cincin na Sallah, ki nuna musu ƙaramin katin da za su rataya a kwalba ko su sa a saman akwati. Wajen kuɗi ki lissafa lokacinki, ba kwali da tawada kaɗai ba, don sa kala shi ke cin yini. Na Sallah kuma ki fara tun Sha'aban, ki buga da yawa a zama ɗaya, ki sa musu kala a wani zaman, saboda in azumi ya kama ba za ki sami hannu ba.

Yi gwajin ruwa da sifirit ɗin nan a kan tawadar da kike da ita, ki turo mana hoton guntuwar tare da hoton kwalin kalarki, sai in gaya miki ko tawadar za ki canza ko kalar.