In Jira Rangwame, Ko Wasan Zai Tsufa Kafin Ya Zo Hannuna?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni matashi ne mazaunin Gusau, ina aiki a shagon gyaran waya. Ina da PlayStation 4 ta hannu, da kwamfutar tafi-da-gidanka mai matsakaicin ƙarfi. Duk wasan bidiyon da ya fito sabo, sai in tarar kuɗinsa ya kusa cinye abin da nake samu a wata. Abokaina sun ce in riƙa haƙuri sai an yi rangwame, amma ina tsoron kafin lokacin wasan ya tsufa, ya daina daɗi, kowa ya koma wani. Yawanci ƙwallo nake bugawa, sai kuma wasannin da ke da labari. Shin jiran yana da amfani?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abokanka sun faɗi gaskiya, tsoron da kake yi kuma yana da tushe, domin wasannin nan biyu da ka ambata ba iri ɗaya suke tsufa ba. Wasan labari tamkar gero ne a rumbu, wanda zai shekara bai canza ba, wasan ƙwallo na intanet kuwa tamkar tumatir ne, wanda darajarsa ke raguwa tun daga ranar da aka tsinko shi. Saboda haka kafin ka yanke shawarar jira, abin da ya kamata ka fara tambayar kanka shi ne wane ɓangare na wasan ne lokaci zai ci.

Mu fara da kuɗi. An daɗe ana sayar da manyan wasanni sababbi a kan dala 60, sai a shekarar 2020, da fitowar PlayStation 5, kamfanoni da dama suka ɗaga zuwa dala 70, har a 2025 Nintendo ya sa wa Mario Kart World dala 80. Wannan farashin ranar farko ne, kuma an tsara shi ne domin waɗanda ba za su iya haƙuri ba. Da zarar an gama cin kasuwar waɗannan, kamfanin ba ya asarar komai idan ya sayar maka da kwafin intanet a rabin kuɗi, tunda babu faifan da zai buga, babu kuma motar da za ta yi dako. Shi ya sa kasuwar Steam, wadda kamfanin Valve ya buɗe a 2003 domin masu kwamfuta, take da manyan lokutan rangwame a kowace shekara, waɗanda suka fi shahara su ne na ƙarshen watan Yuni da na ƙarshen Disamba. Kasuwar PlayStation ma tana yin nata, musamman a ƙarshen Nuwamba lokacin Black Friday, da kuma wajen farkon Yuni. A bisa al'ada, babban wasa yakan fara sauka cikin 'yan watanni, ya kai rabin kuɗinsa cikin shekara guda ko makamancin haka, bayan wasu shekaru kuma a same shi a kwata ko ƙasa da haka. Sony, kamfanin da ke ƙera PlayStation, shi ma ya taɓa ware jerin fitattun wasannin PlayStation 4 da ya mayar dala 20, har da God of War na 2018. Nintendo ne kawai ya fita zakka, domin wasanninsa na kansa kan shafe shekaru farashinsu bai motsa ba, kuma wannan bai shafe ka ba tunda ba na'urarsa gare ka ba.

A wasan labari, wanda mutum ke bugawa shi kaɗai, jira ba sauƙin kuɗi kawai yake kawowa ba, sau da yawa wasan da mai jira ya samu ya fi wanda mai gaggawa ya saya kyau. Dalili kuwa shi ne yanzu kamfanoni kan saki wasa da kurakurai a cikinsa, su ci gaba da gyara ta intanet. Cyberpunk 2077 ya fito a Disambar 2020 da matsaloli masu yawa a kan PlayStation 4, har Sony ya janye shi daga kasuwarsa ya mayar wa mutane kuɗinsu, bai dawo da shi ba sai a Yunin 2021. The Witcher 3 ya fito a 2015, shekara guda bayan haka aka fitar da bugun da ya haɗa wasan da manyan ƙarin babi biyu a kuɗi ɗaya, kuma wannan bugun ne ake yawan karya farashinsa har yau. Wanda ya fara shi bana babu abin da ya rasa daga labarin, illa dai ya kiyaye kada a faɗa masa ƙarshensa a YouTube ko a majalisa. A ganina, duk mai PlayStation 4 yana zaune ne a kan dukiya, domin na'urar ta fito tun 2013, kuma wasannin da suka fi fice a kanta, irin su Uncharted 4, da Red Dead Redemption 2, da Ghost of Tsushima, duk sun riga sun wuce shekarun tsadarsu.

Ƙwallo kuwa lissafinta daban ne, kuma ya danganta da yadda kake buga ta. Wasan kamfanin EA, wanda aka sani da FIFA har zuwa bugun 23 kafin a canza masa suna zuwa EA Sports FC a 2023, yana fitowa ne a ƙarshen Satumbar kowace shekara. Idan a intanet kake karawa da mutane kana tara 'yan wasa, to ran wasan shekara ɗaya ne, domin da zarar sabo ya fito jama'a sun yi ƙaura, bayan 'yan shekaru kuma kamfanin ya rufe hanyar buga tsohon a intanet. A nan jira mai tsawo asara ne, amma gajeren jira riba ne, tunda wasan kan samu ragi mai kauri a ƙarshen Nuwamba, wata biyu kacal da fitowarsa, alhali kakar wasanni ba ta kai rabi ba. Idan kuwa kai da abokinka ne kuke zama gefe da gefe kowa da abin sarrafawarsa, to bugun bara ya wadatar da kai, babu abin da ya tsufa a cikinsa sai sunayen 'yan wasa da rigunan ƙungiyoyi. Duk wanda ya zauna a gidajen gem na Gusau ko Kaura Namoda ya ga yadda aka ci gaba da cinkoso a kan tsofaffin bugun Pro Evolution Soccer shekaru bayan fitowarsu, saboda daɗin taɓa ƙwallon da ke cikinsu bai dogara da sabon hoto ba. Kamfanin Konami kuma ya mayar da wasan nan eFootball a 2021, ana saukewa kyauta, don haka mai son karawar intanet yana da inda zai fara ba tare da ya biya ko sisi ba.

Yanzu ga ainihin tsoronka, wato ko tsohon wasa kan daina daɗi. Abin da ya fi saurin tsufa shi ne hoto, musamman hoton da ya yi ƙoƙarin kwaikwayon fuskar mutum ta gaskiya, domin ido yana saurin sabawa da wanda ya fi shi. Wasannin PlayStation ta farko sun fi shan wahala a nan, saboda a zamaninsu ne ake koyon zana abubuwa masu zurfi da faɗi da tsawo, shi ya sa mutanen cikinsu suke da kusurwoyi kamar an sassaƙa su. Wanda aka yi shi da zane mai launi irin na katun, kamar Super Mario, bai damu da shekaru ba. Na biyu shi ne yadda ake sarrafa wasan, kuma wannan ya fi hoto hana mutum sakewa: Resident Evil na 1996 sai ka tsaya ka juya ɗan wasanka kafin ya yi gaba, abin da hannun da ya saba da wasannin yau zai ji kamar an ɗaure shi. Abin da ba ya tsufa shi ne tsarin wasan da labarinsa. Tetris, wanda Alexey Pajitnov ya ƙirƙira a Mosko a tsakiyar shekarun 1980, har gobe ana bugawa, haka Age of Empires II na 1999 har yanzu ana gasa a kansa. Abin da zai kwantar maka da hankali shi ne, daga zamanin PlayStation 4 zuwa yau canjin ya ragu ƙwarai, yadda ake riƙe abin sarrafawa da juya kyamara ya zauna wuri ɗaya, don haka wasan 2016 ba ya yi wa ɗan yau baƙunta irin wadda wasan 1996 ya yi wa ɗan 2006.

Haɗarin da ya fi damuna ba tsufa ba ne, ɓacewa ce. Wasan tseren motoci The Crew na kamfanin Ubisoft ya fito a 2014, kuma ba ya buɗuwa sai da intanet. A ƙarshen Maris na 2024 kamfanin ya kashe na'urorin da ke riƙe da shi, daga ranar har wanda ya saya da kuɗinsa, har mai faifai a hannu, bai sake iya bugawa ba. Wasu wasannin kuma akan cire su daga kasuwa idan wa'adin lasisin motoci ko waƙoƙi ko ƙungiyoyin da ke cikinsu ya ƙare, kamar yadda EA ya cire tsofaffin FIFA daga kasuwannin intanet a 2023. Wani bincike da gidauniyar Video Game History Foundation ta fitar a 2023 ya nuna kashi 87 cikin 100 na wasannin da aka saki a Amurka kafin 2010 ba a samunsu a kasuwa. Mu a Zamfara ba sai an yi mana dogon bayani a kan dogaro da intanet ba, domin a Satumbar 2021 an rufe layukan sadarwa a jihar nan na tsawon makonni saboda matsalar tsaro, kuma a wancan lokaci wasan da ke kan faifai ko wanda ke buɗuwa ba tare da intanet ba ne kaɗai ya yi wa mai shi amfani. Saboda haka kafin ka sayi tsohon wasa, komai arharsa, ka duba bayaninsa ko yana buƙatar intanet a kowane lokaci. A kwamfuta, kasuwar GOG ta fi dacewa da halin da muke ciki, domin tana ba ka fayil ɗin da za ka adana ka girka ko babu layi, kuma an kafa ta ne a 2008 musamman domin gyara tsofaffin wasanni su yi aiki a sababbin kwamfutoci.

Akwai kuma lissafin da ɗan Amurka ba ya yi amma kai dole ka yi shi, wato na naira. A tsakiyar 2023 ana sayen dala a kasuwar bayan fage wajen naira 750, a farkon 2024 kuwa ta haura 1,500. Wanda ya ƙi sayen wasan dala 60 a kan naira 45,000, ya jira aka raba farashin biyu ya koma dala 30, naira 45,000 ɗin dai ya biya. Rangwamen dala ba ya zama rangwame a aljihunka sai idan naira ta tsaya, don haka ka riƙa lissafi da kuɗin da za ka fitar a ranar, ba da alamar ragin da aka manna ba. Ka haɗa da kuɗin data, domin manyan wasannin yanzu kan kai giga 100 ko fiye, wanda zai iya sa wasan da ka saya da arha ya koma mai tsada kafin ya gama sauka, balle idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar saukewa. Wannan ne ya sa ga mai PlayStation 4 a nan, faifai na hannu ya fi jiran rangwamen intanet a mafi yawan lokuta: ana cinikinsa da naira, mafi yawan wasan yana kansa, kuma idan ka gama za ka iya sayarwa ko ka yi musaya da wani, abin da kwafin intanet ba ya ba ka dama. Ka dai sa a gwada maka shi a gabanka, ka duba bayansa ko ya karce. Idan kuwa ta intanet za ka saya, ka sani kasuwar PlayStation ba ta da reshen Najeriya, yawancin mutane asusun Amurka ko Ingila suke buɗewa, kuma katin kuɗin da aka yi domin wata ƙasa ba ya shiga asusun wata.

Ita ma na'urar tana da nata wa'adin. Babban gyaran da aka yi wa Cyberpunk 2077 a 2023 bai zo PlayStation 4 ba, kuma sababbin manyan wasanni sun fara tsallake ta. Wannan bai rage darajar abin da ke kanta ba, tunda PlayStation 5 tana karɓar kusan dukkan wasannin PlayStation 4, sai dai idan faifai kake tarawa, duk ranar da za ka canza na'ura ka nemi mai wurin sa faifai.

Ga yadda zan yi da a matsayinka nake. Wasan labari ba zan saye shi a shekararsa ta farko ba, zan nemi faifansa na hannu ko in jira bugun da ya haɗa komai. Ƙwallo zan jira ƙarshen Nuwamba idan ta intanet ce, ko in ɗauki bugun bara idan ta zama da abokai ce. A kwamfuta zan buɗe asusun Epic Games Store, wanda ke raba wasa kyauta kowace Alhamis kuma ya zama naka muddin ka karɓa cikin makon, har GTA V ya taɓa bayarwa a Mayun 2020. A Steam kuma zan sa abin da nake so a jerin buƙata domin su aiko mini da saƙo idan an rage kuɗinsa, kuma kada in saya sai wanda zan fara bugawa a wannan watan, domin arha kan sa mutum ya tara wasanni goma bai buɗe ko biyu ba. Tunda kwamfutarka matsakaiciya ce, da zarar ka saya ka gwada shi nan take, domin Steam na mayar da kuɗi ne idan ba a wuce kwana 14 da saye ba kuma ba a buga wasan ya kai awa biyu ba.