Takardar Ranar Tsintuwa

Hadiza, kin tambaye ni dalilin da ya sa nake dawo miki da takardar tsintuwa ki sake cikewa, alhali jaririn gobe ko jibi wasu za su ɗauke shi riƙo, ya sami gida ya manta da mu. Kin kuma ce ba ki ga amfanin damƙa wa masu riƙo takardar ba, tunda ba komai a ciki sai baƙin ciki. To 'yata, zauna in ba ki labarin ƙasar Sin, don amsarki tana can a fili.

Daga 1992 da dokarsu ta riƙon yara ta fara aiki zuwa 2024 da gwamnati ta rufe ƙofar, yara sama da 160,000 aka fitar waje. Fiye da 82,000 Amurka aka kai su, kusan 8,000 a 2005 kaɗai. A shekarun farko kusan duk mata ne. Dokar ƙayyade haihuwa ce ta jawo, wadda a lokacin ta tsayar da yawancin iyalai a kan ɗa ɗaya. A ƙauyuka da yawa, in ta fari mace ce a kan bari a ƙara ɗaya. In ta biyun ma mace ce, ga tara mai nauyi a gaba, ga kakanni sun zuba ido suna jiran namiji. Yar da yaro kuma laifi ne, don haka da duhun asuba ake ajiye ta a kasuwa ko a ƙofar wani ofishi, uban ya laɓe ya ga wanda zai ɗauka.

Waɗannan yara yanzu sun zama manya, wasu har da nasu 'ya'yan, kuma suna komawa neman asalinsu. Me suke tararwa a fayil? Layi biyu ko uku: an tsince ta ranar kaza a ƙofar kaza, 'yan sanda sun yi cigiya ba a dace ba. Ranar haihuwa sau da yawa kintace ne, an duba cibiya an yanke. Sunan dangi kuwa gidan marayun ne ya raba wa duk yaransa iri ɗaya. Daga 1999 aka wajabta buga cigiya a jarida a jira kwana 60, daga baya har da ɗan hoto baƙi da fari wanda bai fi kan babban yatsa ba. Ga da yawansu wannan hoton ne mafi daɗewa da suke da shi a duniya. Ma'aikacin da ya cike takardar nan cikin minti biyar don ya tashi aiki bai san wata za ta tsallako teku bayan shekara ashirin ta riƙa karanta ta kalma kalma ba.

Wannan ma mai sauƙi ne. A wancan lokacin iyalan da suka zo ɗaukar yaro sukan ba gidan marayu dala 3,000 ko fiye a hannu, da sunan gudummawa, kafin 'yan Amurkan cikinsu su wuce Guangzhou inda ofishin jakadancin ƙasarsu yake ba yaran biza. Inda aka ɗora kuɗi a kan kowane kai, kin san abin da zai biyo baya. A ƙarshen 2005 aka kama wasu a lardin Hunan suna kawo jarirai daga Guangdong suna sayar wa gidajen marayu na yankin Hengyang. A 2011 mujallar Caixin ta ba da rahoton cewa jami'an ƙayyade haihuwa a gundumar Longhui sun ƙwace aƙalla yara 16 daga hannun iyalan da suka kasa biyan tara, aka kai su gidan marayu na Shaoyang, wasu suka ƙare a ƙasashen waje. Hukumomi sun musanta cewa an yi ciniki. Amma ki lura da abu ɗaya: yaron da aka saya ko aka ƙwace ba ya fita sai an rubuta masa cewa tsintarsa aka yi. Ta layin nan ƙarya ke shiga. Shi ya sa in kin rubuto mini "an tsince shi a bayan kasuwa" ba na sa hannu. Wa ya tsinta? Ƙarfe nawa? Wa ya gani ban da shi? Mai unguwa ya sani? Yau gwajin jini na haɗa 'ya'yan da iyayensu, ana gano fayiloli da yawa ba gaskiya suka faɗa ba. Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma kafin a kai ƙarshensa wasu iyayen sun riga sun mutu.

Sai batun masu riƙo. A 1995 wasu ma'aurata suka ajiye jaririyarsu a kasuwar kayan miya a Suzhou, da wasiƙa a jikinta. Suka rubuta sunan da suka sa mata da ranar haihuwarta, suka roƙi duk wanda ya riƙe ta da a haɗu a kan wata sananniyar gada a Hangzhou, ranar bakwai ga watan bakwai na kalandarsu, bayan shekara goma ko ashirin. Wani ma'aikaci bai yar da wasiƙar ba, ta bi yarinyar har jihar Michigan. Masu riƙonta suka adana, amma ba su nuna mata ba sai da ta kai wajen shekara ashirin ta yi tambaya da kanta. Iyayenta kuwa shekara da shekaru suna zuwa bakin gadar. Sai a 2017 suka gana. Ni dai a ganina masu riƙon sun kyauta da suka adana, sun kuma makara wajen faɗa. Tsoro ne ya hana su, irin wanda nake gani a idon duk matar da ta zo nan ta ce mini, "Hajiya, kada ya taɓa sani." Ba na zarginta, amma ba na yi mata wannan alkawari. Yarinyar Sin da ta tashi a gidan Turawa madubi ya isa ya gaya mata. Namu kuwa a bakin 'yan unguwa zai ji, ranar da aka yi faɗa. Mu ma addini bai bar mu mu ɓoye ba, tunda aya ta 5 a Suratul Ahzab ta ce a kira su da sunan ubanninsu.

Don haka gobe ki koma wurin matar da ta kawo jaririn jiya. Ki tambaye ta inda yake kwance daidai, da wanda ta fara kira, ki rubuta da kalmominta, ta sa hannu ko ta dangwala. Ki ɗauki hoton wurin. Zanen da aka naɗe shi a ciki kada a ba masu wanki, ki sa a leda ki rubuta lambar fayil a kai. Kwafi biyu za ki yi, ɗaya namu, ɗaya na waɗanda za su ɗauke shi.