Dokin da aka bari a turke: amsar Baffa

Ɗana,

Saƙonka ya iso, ƙanwarka ce ta karanta mini bayan sallar Isha'i, don idon nan ya daina ganin ƙananan rubutun waya. Ka ce akwai wani doki hurde a bayan layinku, maƙwabcinku ya saye shi don hawan ƙaramar Sallah, kuma tun da aka sauke masa sirdi yake ɗaure a turke, haƙarƙari duk a waje, ga miki a gadon baya ƙuda na bi. Kana son ka karɓe shi, amma abokanka sun ce a al'ada ba a sa wa mutum baki a kan dokinsa, shi ne kake tambaya ko haka ne.

Rabin zancen suka faɗa maka. Gaskiya ne ba a tsayawa a bainar jama'a a ce wa magidanci dokinsa ya rame, domin ka ce masa ya gaza ke nan. Amma ka tambayi kanka me ya sa maganar take da zafi haka. Saboda a wurinmu jikin doki mutuncin mai shi ne. Al'adar da ta hana ka kunyata shi, ita ce tun farko ta hana shi barin dabba a wannan hali, kuma shi ya fara taka ta.

Kakanka a bargar wani hakimi ya ƙare ƙuruciyarsa, ni kuma ina biye da shi da kwando. Kafin ya kurɓi koko ya share turke, kuma ba ya kwashe kashin doki sai ya tsuguna ya fasa shi da kara ya duba. Idan ya ga ya bushe ya yi tauri, ko ya ga hatsi ya fito bai narke ba, ranar akwai magana. Sannan ya ɗaga kofato huɗun nan ɗaya bayan ɗaya ya ƙwaƙule, ya bi geza da ƙarƙashin wutsiya yana cire kaska. Ciyawa ba ta yankewa a gaban doki, ɗanya da damina, ingirici da harawa da rani. Hatsi da awo ake ba shi, kanwa ma da lokacinta. Da la'asar a fita kilisa, kuma kilisar da na sani tafiya ce ta miƙe ƙafa da warware jiki. Wannan da yaranku suke yi yanzu, sukuwa a kan kwalta tsakanin babura har doki ya yi kumfa, ban san sunanta ba.

Ka duba fada ma. Shamaki yana nan a Kano saboda sha'anin dawakin sarki, Madaki sunansa daga dawaki ya samo asali, ga zagage a gaban sarki. Masu tarihi suna danganta hawan Sallah da zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, kuma a Disambar 2024 UNESCO ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun duniya. Kowa ya yi murna, ni ma na yi. Sai dai masu ɗaukar hoto rawani da jalala suke gani, ba sa ganin mai yanko ciyawa. Dokin da zai yi Hawan Sallah, ya yi Daushe, ya yi Nassarawa, ya ƙarasa Ɗorayi ko Fanisau, wani ma da nauyin lifidi a kansa cikin rana, watanni ake yi ana gina shi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Maƙwabcinku hawan ya saya, bai san kiwon ne dokin ba.

Ba zan ce maka duk abin da muka gada daidai ne ba. Na ga an yi wa doki lalas da jan ƙarfe a kan ciwon da allura ɗaya za ta warkar. Linzamin nan namu mai zobe, a hannun wanda bai iya ba, yana tsaga baki har jini. Tsohon doki kuma, gidan da ya san ya kamata yakan tura shi ƙauye wurin wani amintacce ya ci ciyawa har ajalinsa, amma akwai masu sallamar shi a kasuwa, kuma yau ka san motar kudu ce take kwasar irinsu zuwa mahauta. Abin da ke tsorata ni shi ne hadisin matar nan da ta shiga wuta saboda kyanwa: ta tsare ta, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba. Turke ma tsarewa ne.

To ga yadda ake yi. Kada ka je da kanka, kai yaro ne a wurinsa. Kada kuma ka ɗauki hoton dokin ka sa a Facebook, don ranar da ka yi haka ka rufe ƙofa, gara ya mutu a hannunsa da ya ba ka. Ka sami limamin layinku ko mai unguwa, a same shi a zaure, a ce yaron nan yana sha'awar kiwo, ana roƙon a ba shi riƙon dokin. Kalmar riƙo ita ce mabuɗin, domin ta bar masa girmansa, shi ya yi alfarma, ba ƙwace aka yi ba. Amma a yi magana a gaban shaidu a kan wanda zai ɗauki kuɗin abinci da magani, da abin da za a yi idan ya murmure. Na san mutane. Doki yana yin sheƙi mai shi zai tuna Sallah ta kusa. In ya yarda ya sayar, wannan ya fi.

Idan ya shigo hannunka, ka ji wannan da kyau, don a kansa na taɓa yin kuka. Ina ɗan shekara goma sha biyar aka kawo wani ƙaramin doki, kuru, daga ƙauye, ya sha yunwa. Tausayi ya kama ni, na faki idon kakanka na cika masa ƙwarya da gero. Cikin dare ya fara tona ƙasa da ƙafar gaba, yana waiwayen cikinsa, ya kwanta ya tashi, ya yi birgima, gumi na zuba. Muka yi ta zagayawa da shi da fitila a tsakar barga. Bai kai hantsi ba. Kakanka bai doke ni ba, cewa kawai ya yi: “Doki ba ya amai.” Haka ne kuwa, abin da ya shiga cikinsa ba ya dawowa ta baki, kuma tumbinsa ƙarami ne in ka gwada da girman jikinsa. Saboda haka makon farko ciyawa mai kyau da ɗan harawa, kaɗan-kaɗan, sau da yawa a yini. Hatsi sai daga baya, shi ma da tafin hannu za ka fara. Ruwa mai tsabta kada ya yanke, da zafin nan yana iya shan bokiti biyu ko uku.

Mikin baya sirdi ne ya jawo shi. Ka wanke da ruwan gishiri mai ɗumi, ka kare shi daga ƙuda, kuma kada wani ya sa ka zuba masa baƙin man inji. Ka kira likitan dabbobi ya ba shi maganin tsutsar ciki, ya leƙa haƙoransa, don wani dokin ba rashin abinci ne ya ramar da shi ba, turamensa ne suka yi kaifi suna yanka masa kumatu. A gyara kofato, a yi masa rumfa, a daina ɗaure shi da guntuwar igiya.

Kuma kada ka sayi sirdi tukuna, na san halinka. Babu mai hawa bayan nan sai gashi ya rufe tabon. Ka fara neman mai harawa tun kafin ta yi tsada. Ranar Juma'a in Allah ya kai mu zan shigo gari, in liman yana jin nauyin maganar sai mu je tare. Ka gaida mahaifiyarka.

Baffanka