Na ƙi sa hannu a rahoton ƙarya, abokan aiki sun juya mini baya

Ɗan'uwa, ka ce ka ƙi sa hannu a rahoton kuɗi da ka san an yi masa aringizo, yanzu abokan aiki suna maka kallon mai girman kai, har kana tunanin ko ka wuce gona da iri.

Ba ka wuce ba. Dubi Yohanna 12:42-43: akwai shugabanni da yawa da suka gaskata da Yesu, amma suka yi gum don kada Farisiyawa su fitar da su daga majami'a. Wannan wurin yana ba ni tsoro, domin bangaskiya suna da ita, yabon mutane ne ya rufe musu baki. Bitrus da manzanni kuwa a gaban majalisa suka ce dole a yi wa Allah biyayya fiye da mutum (Ayyukan Manzanni 5:29).

Inda mutane ke yawan kuskure shi ne su mai da tsayawa kan gaskiya hanyar raina wasu. Da Daniyel ya ƙi abincin sarki a Babila, cikin ladabi ya roƙa a gwada su kwana 10 da ganyaye da ruwa. Ka ƙi, amma kada ka zama mai wa'azi a ofis, kada kuma ka daina gaisuwa.

Ka samu fastonka ku yi addu'a tare. Idan aka fara yi maka barazanar kora, ajiye kwafin takardun, ka nemi lauya ko ƙungiyar ma'aikata tun da wuri.