Me gansakuka ke ci, tunda ba ta da saiwa?

Tambaya: Malam, farar jarkar ruwa da na bari a tsakar gida ta yi kore cikin mako biyu, amma baƙin tankinmu lafiya lau. Me ke ciyar da wannan gansakuka alhali ba ta da saiwa?

Amsa: Ɗan'uwa, ranar da ke raya dawar gonarka ita ke raya ta. Farar jarka haske na ratsa ta, baƙin tanki kuwa ya tare shi.

Aikin da tsiro ke yi na haɗa abincinsa da hasken rana, sunansa fotosintesis. A cikin ganye, da jikin gansakuka, akwai wani sinadari mai suna kulorofil. Yana shanye ja da shuɗin hasken rana, ya bar kore, shi ya sa muke ganin ganye kore shar. Da ƙarfin wannan haske ake tsaga ruwa, iskar oksijin ta fita waje. Sauran ƙarfin kuma da shi ake kama iskar kabon dayoksaid a haɗa sukari, wanda shi ne abincin tsiron. Ganye ta ƙananan ƙofofin jikinsa yake shan wannan iska, gansakuka kuwa daga cikin ruwan take ɗauka kai tsaye. Ka leƙa kududdufi da tsakar rana, za ka ga 'yan kumfa sun maƙale a jikin koren nan. Oksijin ke nan.

Mutane da yawa sun ɗauka ƙasa tsiro ke ci, kuma wannan ne nake son a gyara. A ƙarni na 17 wani likita, Jan van Helmont, ya dasa itace a tukunya, ruwa kaɗai yake ba shi har shekara 5. Itacen ya ƙaru da kusan kilo 74, ƙasar tukunyar kuwa raguwarta ba ta kai gram 60 ba. Ya ce ruwa ne ya zama itace, bai gano rabon iska ba. Icen girkin da kake hurawa, kabon ɗinsa daga iska ya zo. Taki da ƙasa ma'adanai suke bayarwa, kamar gishiri a miya.

Kada ka raina gansakuka: kusan rabin oksijin da ake samarwa a duniya daga ƙananan 'yan uwanta na teku yake fitowa. Sai dai da dare aikin kan tsaya, ita ma ta koma shaƙar oksijin, shi ya sa masu kiwon kifi kan tarar da kifayensu sun taso sama suna haki da asuba idan ruwan ya cika kore. Jarkarka kuwa, wanke ta tas ka mayar da ita inuwa.