Tambaya da Amsa: Za a danƙa mini mashaya a Ingila, me doka ke nema daga gare ni?

TAMBAYA: Gaisuwa mai yawa ga mai kula da wannan fili. Ni mutumin Jos ne mazaunin Manchester, kuma ina aiki a wata mashayar unguwa. Mai wurin yana so ya naɗa ni manaja, har ya ce sunana ne zai hau kan lasisi. Ina murna, amma gabana yana faɗuwa, domin na ji cewa kuskuren ma'aikaci ɗaya na iya jawo a rufe wuri. Ina ya kamata in fi sa ido?

AMSA: Ɗan'uwa, fargabarka tana da dalili. A ƙarƙashin dokar lasisi ta 2003, wadda ke aiki a Ingila da Wales, ƙaramar hukuma ce ke ba wuri izinin sayar da barasa, kuma dole ne a ambaci mutum ɗaya a matsayin mai kula, wanda shi ma sai ya mallaki lasisin kansa bayan ya ci jarrabawa an kuma binciki tarihinsa. Kai ne za ka zama wannan mutumin, kuma kai 'yan sanda za su fara nema idan wani abu ya faru. Dokar tana auna ka da abubuwa huɗu: hana laifi da hargitsi, tsaron lafiyar jama'a, hana damun maƙwabta, da kare yara.

A ganina, yawancin aikinka yana wurin kantar da ake sayar da giya, wato a daidai lokacin da ya kamata ma'aikacinka ya ce a'a. Sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba laifi ne mai tarar da ba ta da iyaka, kuma idan aka kama wuri sau biyu cikin wata uku, ana iya dakatar da sayar da barasa a cikinsa har na wata uku. Hukuma takan turo matasa da gangan domin ta gwada ku. Saboda haka ku riƙe tsarin Challenge 25 da muhimmanci: duk wanda kamanninsa bai kai na ɗan shekara 25 ba, sai ya nuna fasfo, ko lasisin tuƙi mai hoto, ko katin shaidar shekaru mai tambarin PASS, ko da layi ya kai ƙofa.

Wanda ya fi wuya shi ne mutumin da ya riga ya bugu, musamman idan tsohon kwastoma ne da kowa ya san sunansa. Ƙara masa ko kofi ɗaya laifi ne da ke iya jawo tarar fam 1,000. Ka koya wa ma'aikatanka su ja shi gefe su yi masa magana a hankali, domin wanda aka kunyata a gaban abokansa ne ke tayar da rigima. A miƙa masa ruwa, wanda dama doka ta wajabta ku bayar kyauta, a kira masa tasi, kuma kada a bari ya fita shi kaɗai idan ƙafarsa ba ta ɗaukarsa. Daga nan a rubuta lokaci da dalili a littafin waɗanda aka hana. Ma'aikata sukan raina wannan littafi, alhali shi ne shaidarka ranar da aka kira ka gaban kwamitin lasisi.

Akwai haɗarin da sababbin manajoji ke mantawa da shi, wato ɗakin ƙasa inda ake ajiye gangunan giya. Iskar gas ɗin da ke tura giya zuwa famfo ba ta da wari, ta kuma fi iska nauyi, don haka idan tukunya ta yi yoyo sai ta taru a ƙasa ta sumar da mutum kafin ya ankara. A kafa na'urar gargaɗi, kuma kada kowa ya sauka ba tare da wani ya sani ba. Kowace rana kafin buɗewa ka duba da idonka cewa ba a jibge akwatunan kwalabe a ƙofar fita ta gaggawa ba. Masu gadin ƙofa kuwa, sai masu lasisin SIA, hukumar da ke kula da masu aikin gadi.

Maƙwabta ma suna da ikon neman a sake duba lasisinku idan hayaniyar tashi ta hana su barci, don haka ka ba su lambar da za su same ka kai tsaye. Kafin ka sa hannu, ka karɓi lasisin wurin ka karanta sharuɗɗansa ɗaya bayan ɗaya, domin kowace mashaya da nata sa'o'in buɗewa da nata ƙa'idojin.